ILMIN TSARA GWANJO DA DUKIYAR JAMA'A

A cikin shekarar 2025 an yanke wa kamfanin Google hukunci biyu masu nauyi, ɗaya a Amurka, ɗaya a Turai. Ran 17 ga watan Afrilu wata alƙaliya a Jihar Bajiniya, mai suna Leonie Brinkema, ta yanke cewa kamfanin ya karya doka, domin ya mamaye kasuwar da a ke sayar da filin talla a shafuffukan intanet, ya hana waɗansu sakat. Cikin watan Satumba kuma Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro biliyan 2.95, watau kusan miliyan dubu uku, bisa wannan sha'ani dai. Kamfanin ya ce bai yarda ba, zai ɗaukaka ƙara.

Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan akawu a Katsina ko malamin makaranta a Azare da rigimar attajiran ƙetare? To, akwai ruwansu ƙwarai. Abin da a ke shari'a a kansa gwanjo ne, kuma ta hanyar gwanjo Gwamnatin Nijeriya ta sayar da iznin wayar nan da ke cikin aljihun kowannenmu. Har wa yau da irin wannan lissafi a ke raba wa yara makarantu a waɗansu ƙasashe. Saboda haka mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu asalin wannan ilmi, da amfanin da aka ci a cikinsa, da wuraren da aka yi tuntuɓe.

ILMI UKU DA SUKA HAƊU

Duk wanda ya taɓa zama a gindin dara ya san ba a ajiye ɗa sai an yi tunanin inda abokin wasa zai ajiye nasa, shi ma kuwa abokin wasan yana can yana tunaninka. A shekarar 1944 waɗansu masana biyu a Amurka, John von Neumann da Oskar Morgenstern, suka fitar da littafi suka nuna cewa ana iya zuba irin wannan tunani a cikin lissafi, kuma ciniki da takarar kamfanoni duk wasa ne irin na dara. A 1950 wani saurayi mai suna John Nash ya ƙara bayani, ya nuna matsayin da 'yan wasa su kan tsaya a kai, inda babu wanda zai ƙaru in ya sake dabararsa shi kaɗai. Wannan shi a ke kira ilmin dabarun wasa.

Daga baya masana tattalin arziki suka juya tambayar. Da fari ana cewa ne, ga ƙa'idodin wasa, yaya mutane za su buga? Su kuwa sai suka ce, ga abin da mu ke so ya faru, waɗanne ƙa'idodi za mu kafa domin mutane, kowa yana bin son ransa, su kai mu can? Mai tsara irin waɗannan ƙa'idodi ba ya zaton mutane waliyyai ne. Ya san za su ɓoye abin da ke ransu in ɓoyewar za ta amfane su, aikinsa shi ne ya shirya al'amarin yadda faɗin gaskiya zai fi ƙarya riba.

Na ukunsu shi ne ilmin kwamfuta. Ƙa'ida kome kyanta, in lissafinta zai ɗauki shekara ɗari kafin a san wanda ya ci, ba ta da amfani. A 1999 masana biyu na Isra'ila, Noam Nisan da Amir Ronen, suka rubuta takarda suka haɗa tambayoyin biyu wuri ɗaya: ƙa'ida ta zama mai sa faɗin gaskiya, ta kuma zama wadda na'ura za ta iya lissafawa cikin lokaci. Tun daga wannan zamani fannin ya bunƙasa a manyan jami'o'in duniya.

DABARAR VICKREY

Bari mu kawo misali guda domin a ga yadda abin ya ke. A ce za a sayar da sa, kowane mai so zai rubuta tayinsa ya rufe cikin ambulan, wanda ya fi shi zai ɗauka ya biya abin da ya rubuta. Idan san nan a wurinka ya kai naira 500,000, ba za ka rubuta haka ba, domin in ka rubuta ba ka da riba. Za ka rage, amma nawa za ka rage? Wannan ya danganta ga abin da ka ke zaton waɗansu za su rubuta. Ke nan wanda ya fi iya leƙen asirin abokan takara shi zai ci, ko da kuwa ba shi ya fi bukatar san ba.

A 1961 William Vickrey na Jami'ar Kolumbiya a birnin Niyu Yok ya kawo wata dabara. Ya ce wanda tayinsa ya fi shi zai ɗauka, amma kuɗin da zai biya shi ne tayin wanda ke bi masa. Da jin haka sai mutum ya ce wauta ce, amma a duba. In ka rage ka rubuta 450,000, wani ya rubuta 480,000, ka rasa san da za ka samu da rarar 20,000. In ka zarce ka rubuta 550,000, wani ya rubuta 520,000, ka ci, amma ka yi hasarar 20,000. In kuwa na bayanka 400,000 ya rubuta, to, 400,000 za ka biya, ko ka rage ko ka zarce. Ashe ragi ba ya ƙara maka kome, ƙari ma haka, sai dai su jawo maka hasara. Abin da ya fi shi ne ka rubuta ainihin darajar san a wurinka, ka huta da tunanin kowa. An ba Vickrey kyautar Nobel a 1996, ya rasu kwana uku bayan an yi shelar kyautar.

YADDA A KE SAYAR DA ISKA

Kowa ya san kowane gidan rediyo yana da nasa zango, in biyu suka hau zango ɗaya sai hayaniya. Wayar hannu ma rediyo ce ƙarama, da zango ta ke aiki. Zangunan nan ƙididdigaggu ne, ba a iya ƙara su, kuma dukiyar jama'a ne da Gwamnati ke riƙo amana. To, wa za a ba?

Hanyar da aka saba da ita a da ita ce a kafa kwamiti, masu so su kawo takardu, kwamiti ya zaɓa. Wannan hanya tana da jinkiri, tana kuma buɗe ƙofar sanayya da toshiyar baki. Tun a 1959 Ronald Coase ya ba da shawara a riƙa sayar da zangunan, ba a saurare shi ba. Da takardu suka yi wa Hukumar Sadarwa ta Amurka yawa bayan 1980, sai ta koma jefa ƙuri'a. Nan fa mutanen da ba su taɓa kafa ko turken waya ba suka yi ta shiga, wanda ƙuri'a ta faɗa masa ya juya ya sayar wa kamfani da miliyoyin daloli, baitulmali bai sami ko anini ba.

Ƙasar Niyu Zilan ta gwada dabarar Vickrey a 1990, amma ta manta da abu guda: ba ta yanka kuɗin da ba za a sallama ƙasa da shi ba. Wani kamfani ya taya dalar ƙasar 100,000, na bayansa ya taya dala 6, aka ba shi a dala 6. Wani ya taya miliyan 7, ya biya 5,000. Jama'a suka yi ca a kan Gwamnati. Lissafin Vickrey daidai ya ke, amma yana bukatar masu taya da yawa, in babu su sai a yi wa dukiyar jama'a kyauta.

A 1993 Majalisar Amurka ta ba da iznin gwanjo, aka nemi taimakon masana, cikinsu akwai Paul Milgrom da Robert Wilson na Jami'ar Stanford, da Preston McAfee. Matsalar da suka tarar ita ce lasin wani gari darajarsa ta danganta ga ko ka sami na garin da ke maƙwabtaka da shi. In an sayar ɗaya bayan ɗaya, mutum zai sayi na fari bai san ko zai sami na biyu ba. Sai suka shirya a buɗe dukkan lasisin gaba ɗaya, a yi ta taya su zagaye bayan zagaye, ba a rufe ko ɗaya sai an daina tayi a kan duka. Suka kuma sa sharaɗi cewa wanda ya yi laƙwas a farko yana jiran ƙarshe, za a rage masa iznin tayi. Gwanjon farko, cikin Yuli 1994, ya kawo dala miliyan 617 daga lasisi 10. Milgrom da Wilson sun sami kyautar Nobel a 2020.

SAI BANGO YA TSAGE

Amma fa 'yan kasuwa ba barci su ke yi ba. Doka ta hana masu taya haɗa baki, sai suka sami hanyar magana da juna ta cikin alƙaluman tayin. A gwanjon Amurka na 1996 zuwa 1997, kamfanin US West yana takara da kamfanin McLeod bisa lasin garin Rochester, mai lamba 378. Sai US West ya tafi waɗansu garuruwa biyu na Jihar Ayowa inda McLeod ke kan gaba, ya taya dala 313,378 da dala 62,378. McLeod ya dubi lambobin ƙarshe ya gane saƙon: ka sakar mini 378, ko in tsananta maka a nan. Ya kuwa janye. Daga baya Hukuma ta hana kowa rubuta adadin da ya ga dama, sai dai ya zaɓa cikin waɗanda ta tsara.

A Jamus a 1999 an sa kashi 10 na zango a gwanjo, da sharaɗin kowane sabon tayi ya ɗara na baya da kashi 10 cikin ɗari. Kamfanin Mannesmann ya taya mak miliyan 18.18 bisa kowane ma'auni a kashi biyar na fari, miliyan 20 a biyar na biyu. Abokin takararsa T-Mobil ya yi lissafi, ya ga in an ɗora kashi 10 cikin ɗari a kan 18.18 ana samun 20. Watau ana ce masa ne, ɗauki biyar, in ɗauki biyar, kuɗi ɗaya. Haka kuwa aka yi, gwanjo ya ƙare nan da nan, ba wanda ya ce wa wani uffan.

A shekarar 2000 aka ga bambanci ƙuru-ƙuru tsakanin ƙasashe biyu masu sayar da abu iri ɗaya. A Ingila akwai manyan kamfanonin waya 4, sai masu tsara gwanjon, Ken Binmore da Paul Klemperer, suka tsaya a kan lasisi 5, ba wanda zai ɗauki fiye da ɗaya. Tun da lalle wani baƙo zai sami ɗaya, sai baƙi suka shigo, masu taya suka kai 13, aka yi zagaye 150, baitulmali ya sami fam biliyan 22 da rabi. A Suwizalan kuwa lasisi 4 ne, masu so 9, amma aka bar su suka yi ta haɗewa da janyewa kafin ranar, har suka zama 4. Mutum huɗu, kaya huɗu, wa zai ɗaga wa wani? Aka sallama kusan a kuɗin farawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

NAMU GWANJON

A nan Nijeriya, kafin 2001 layukan wayar da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, ga mutane fiye da miliyan 100. An fara gwada ba da lasisin wayar hannu ta hanyar kwamiti, abin ya rushe a farkon shekarar 2000, sa'an nan aka koma ga gwanjo. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta gudanar da shi a Abuja cikin Janairu 2001. Kamfanoni 5 suka nemi lasisi 3, aka fara daga dala miliyan 100.

Tsarin da aka bi ya cancanci a san shi, domin masana sun rubuta cewa shi ne karo na fari a duniya da aka sayar da zango ta wannan hanya. Mai gwanjo shi ke faɗin kuɗi a kowane zagaye, abin da mai taya zai ce kawai shi ne yana ciki ko ya fita. Kuɗi ya yi ta hawa har waɗanda suka rage su yi daidai da yawan lasisin. Tun da ba wanda ke rubuta adadin kansa, babu hanyar aika saƙo irin na Rochester. Aka tsaya a dala miliyan 285 kowane lasi, MTN da Econet da CIL suka ci, aka kuma keɓe wa NITEL na huɗu a wannan kuɗi. CIL bai cika sharaɗin biya cikin wa'adi ba, aka janye nasa. Cikin Agusta 2001 waya ta fara aiki, a ƙarshen 2024 kuwa layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Akwai masu cewa tsadar lasisi ita ta jawo tsadar kira, domin a farko naira 50 a ke biya kowane minti, ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi. Masana tattalin arziki suna amsawa cewa kuɗin da aka riga aka biya ya wuce, kamfani zai tsuga abin da kasuwa za ta ɗauka ne, ko an ba shi lasi kyauta. Abin da ya faru a nan ya goyi bayansu: sa'ad da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran ma suka bi, alhali kuɗin lasisinsu bai ragu da ko kwabo ba. Duk da haka ba za mu ce masu ƙorafi ba su da hujja sam. Kamfanin da ya ciwo bashi mai nauyi domin lasi, zai fara kafa turakunsa a manyan birane inda kuɗi ke dawowa da sauri, ƙauye ya jira. A ganinmu Gwamnatin da ta mai da gwanjo hanyar cike giɓin kasafi kaɗai ta kauce. Manufa ta fari ita ce zango ya shiga hannun mai aiki da shi, kuma a sami masu takara.

Ga shaida ta kusa. Ran 13 ga Disamba 2021 aka yi gwanjon zangon 5G, kamfanoni 3 suna neman kashi 2. Aka fara daga dala miliyan 197.4, bayan zagaye 11 aka tsaya a miliyan 273.6, MTN da Mafab suka ci. Bayan shekara guda, cikin Disamba 2022, aka sake fitar da waɗansu, Airtel kaɗai ya cika sharaɗin shiga, saboda haka ba a yi gwanjo ba, aka ba shi a kuɗin farawa. Kuɗin farawar nan, miliyan 273.6, shi ya tsare baitulmali daga abin da ya sami Niyu Zilan. Amma rashin masu neman abin lura ne. A 2024 kamfani ɗaya, MTN, shi ke riƙe da kimanin rabin layukan ƙasar, cikin Janairu 2025 kuma Hukuma ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari saboda hauhawar kuɗin gudanarwa. Inda masu sayarwa suka yi kaɗan, mai saye ba shi da wurin gudu.

INDA KWAMFUTA TA ZAMA TILAS

Daga 2016 zuwa 2017 Amurka ta yi wani gwanjo wanda ba shi yiwuwa da alƙalami da takarda. Ana so a sayi zango daga gidajen talabijin a sayar wa kamfanonin waya. Gidan da ya ƙi sayarwa dole a sama masa wani zango inda ba zai yi karo da maƙwabtansa ba, gidajen kuwa sun kusa 3,000 a Amurka da Kanada, sharuɗɗan hana karo sun haura miliyan 2. Duk sa'ad da aka rage wa wani gida tayi, sai an tambaya: in ya ƙi ya fita, akwai wurin da za a sa shi? Wannan tambaya tana cikin irin waɗanda masana kwamfuta suka san ba a da wata gajeriyar hanyar warware su. Kevin Leyton-Brown na wata jami'a a Kanada, shi da ɗalibansa, suka gina manhajar da ke amsa mafi yawansu cikin minti ɗaya, Milgrom da Ilya Segal kuma suka tsara ƙa'idar yadda in na'ura ta kasa amsawa gwanjo ba zai lalace ba. Kamfanonin waya suka biya dala biliyan 19.8, gidajen talabijin suka karɓi kimanin biliyan 10, fiye da biliyan 7 suka shiga baitulmali.

Gwanjon da ya fi kowane yawa a duniya kuwa shi ne na talla. Duk sa'ad da mutum ya buɗe shafi mai talla a wayarsa, kafin ƙiftawar ido na'urori sun yi tayi an sallama. Google ya sami fiye da dala biliyan 260 daga talla a 2024. Ƙarar da aka kai shi ta shafi tallan da ke fitowa a shafuffukan waɗansu, kamar na jaridu. A wannan kasuwa shi ne dillalin mai kaya, shi ne dillalin mai saye, shi ne kuma mai rumfar da a ke cinikin. Kotu ta ji shaida cewa shekara da shekaru rumfarsa tana ganin tayin abokan takara kafin ta yi nata. Ko a kasuwar shanu an san abin da zai faru in dillali ɗaya ya riƙe igiya ta kowane gefe yana cin la'ada biyu.

Akwai kuma wani haɗari sabo. A 2020 waɗansu masana a Italiya suka buga sakamakon gwaji inda aka bar manhajoji masu koyo da kansu su riƙa yanka farashi suna takara. Ba a koya musu haɗa baki ba, ba su da hanyar magana da juna, amma a hankali suka koyi riƙe farashi a sama, wadda ta karya sai ɗayar ta hore ta da ragi na ɗan lokaci, sa'an nan su koma. Doka tana hukunta yarjejeniya, a nan kuwa babu yarjejeniyar da za a kai gaban alƙali.

INDA KUƊI BA YA SHIGA

Malaman makaranta su lura da wannan. Akwai abubuwan da bai halatta a sa su a gwanjo ba, kamar gurbin karatu, amma su ma sai an raba su. A birnin Boston a da, makaranta ta kan fara ɗaukar waɗanda suka sa ta a zaɓi na fari, ta rufe. Iyaye masu wayo sai su guje wa makarantar da kowa ke so, su sa ta biyu a matsayin ta fari, marasa sani kuwa su faɗi gaskiya su rasa duka biyun.

Maganin yana cikin wata takarda da David Gale da Lloyd Shapley suka rubuta a 1962. Kowane yaro ya nemi zaɓinsa na fari. Makaranta ta riƙe waɗanda suka fi cancanta daidai gurabenta, riƙon wucin gadi, ta saki sauran. Waɗanda aka saki su nemi zaɓinsu na biyu, makaranta ta sake gwada su da waɗanda ta riƙe, wanda ya fi ya zauna. Haka za a yi ta yi har a ƙare. Da wannan tsari yaro ba ya hasarar kome don ya faɗi abin da ya ke so bisa jerin gaskiya. Alvin Roth da abokan aikinsa suka kai shi makarantun Niyu Yok a 2003, yaran da ba su sami ko ɗaya cikin zaɓinsu ba suka ragu daga kimanin 30,000 zuwa kimanin 3,000. Boston ta sake nata tsari a 2005, Roth da Shapley suka sami kyautar Nobel a 2012. Gana ta fara raba ɗalibai zuwa sakandare da kwamfuta a 2005, Hukumar JAMB ta fara tsarinta na ba da gurbi ta na'ura a 2017. Amma sa kwamfuta kaɗai ba ya tabbatar da adalci. Abin tambaya shi ne wace ƙa'ida ta ke bi, kuma ko an bayyana wa iyaye ita da harshen da su ke ji.

SHAWARARMU

Tun zamanin En'e ofisoshin hukuma ke raba rumfunan kasuwa, suna ba da kwangila, suna gwanjon tsofaffin motoci. Dokar sayen kayan Gwamnatin Tarayya ta 2007 ta sa takara a fili ta zama asali. Darussan da muka zana a sama sun shafi waɗannan ƙananan ayyuka kamar yadda suka shafi manya. A yi shelar ƙa'ida tun kafin ranar, kada a sake ta bayan an ga tayi. A yi ƙoƙarin jawo masu nema da yawa, domin sanarwar da aka liƙa a bayan ƙofa ran jajibere gayyatar mutum ɗaya ce. A yanka kuɗin da ba za a sallama ƙasa da shi ba. A karɓi kuɗin ajiya domin wanda ya ci ya gudu ya ji a jikinsa. Wanda ke buɗe ambulan kuma kada ya zama yana da ɗan'uwa cikin masu taya. Akawun da ya ga kamfanoni uku suna cin kwangila bi da bi, kowa da lokacinsa, ya sani akwai magana, ya kai rahoto gaba.

Ga malamai kuma, ga wani darasi mai sauƙi. A cika kwalba da wake, a ce kowane ƙwaya maki ɗaya ne, yara su rubuta tayinsu a ɓoye. Sau da yawa za a tarar wanda ya ci ya biya fiye da abin da ke ciki, domin wanda ya fi kowa zuzuta abu a ransa shi ke cin gwanjo. Bayanin wannan tarko, da yadda mai hankali ke kauce masa, yana cikin aikin da aka ba Wilson kyauta dominsa. Yaron da ya faɗa ciki sau ɗaya a aji ba zai manta ba ran da ya girma.

Daga ƙarshe muna roƙon jami'o'inmu su dubi wannan fanni. Lissafi da tattalin arziki da ilmin kwamfuta duk ana koyar da su, abin da mu ke bukata shi ne ɗaliban da suka haɗa ukun. Zango da ma'adinai da rijiyoyin mai za a ci gaba da sayar da su, kamfanonin da ke zuwa saye kuwa da masanansu su ke zuwa. In Gwamnati ta zauna a teburin ba ta da nata, an san wanda zai tashi da riba. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.